Filin Amsa Tambayoyinku: Aikin Ofareta a Gidan Ruwa

Wasiƙun wannan wata yawancinsu a kan ruwan famfo suke, kuma da dama daga ma'aikatan gidan ruwa ne su kansu, musamman matasan da ba su daɗe da kama aiki ba. Mun miƙa su ga ofaretoci da masu gwajin ruwa da suka ga jiya suka ga yau a wannan sana'a. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sabon ma'aikaci ne a matatar da ke jan ruwa daga kogi. Tun da damina ta sauka ruwan ke zuwa jajawur, na gaba da ni kuma ya ce in riƙa ƙara alif har sai na ga ya kwanta. Wani lokaci in na ƙara sai abin ya ƙara dagulewa. Yaya ake sanin adadin da ya dace?
*Daga wani sabon ofareta*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da idonka ya gani gaskiya ne, alif idan ya wuce kima ruwa ba ya kwanciya. Ƙananan ƙwayoyin laka da ke yawo a ruwa suna ture juna ne, shi ya sa ba sa taruwa su nitse. Alif yana kashe wannan turewar, su manne da juna su yi nauyi. In ka zuba fiye da buƙata sai turewar ta dawo ta wata fuskar, ga kuma tsami ya yi wa ruwan yawa. Saboda haka ba a auna alif da ido. Gwajin kwalabe ake yi.

Ka auna giram 10 na alif ɗin da kuke aiki da shi, daga buhun da aka buɗe, ka narkar a lita 1 na ruwa mai tsabta. Mililita 1 na wannan haɗin a cikin lita 1 na ruwan kogi daidai yake da miligiram 10 a lita. Ka ɗebo ɗanyen ruwa daga inda yake shigowa matata, a lokacin da za ka yi gwajin, ba wanda ya kwana a jarka ba. Ka cika kwalabe shida, lita ɗaya-ɗaya, ka sa musu mililita 2, 3, 4, 5, 6 da 7, wato daga miligiram 20 zuwa 70. A juya su da ƙarfi na minti 1, sannan a hankali na minti 15 zuwa 20, sai a bar su su huta na minti 30. Idan kuna da injin juyawa, zagaye 100 zuwa 150 a minti ne na farko, na biyu kuma wajen 30. Idan babu, sanda mai tsabta da agogo sun isa, muddin kowace kwalba ta sami juyi iri ɗaya.

Kada ka jira sai ƙarshe kafin ka duba. Tun ana juyi na biyu ka sunkuya ka kalli wace kwalba ce ta fara haɗa ƙulli, ƙullin manya ne ko ƙanana, ruwan da ke tsakaninsu kuma garau yake ko da hazo-hazo. Bayan hutawa ka ɗebi ruwan da ke saman kowacce ka auna duhunsa, wato yawan lakar da ta rage a ciki, da kuma pH, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru. Wadda za ka zaɓa ita ce mafi ƙarancin alif cikin waɗanda suka ba da ruwa mai kyau. Idan ta 40 da ta 50 sun yi kusan daidai, 40 ce taka. Idan kuwa ta ƙarshe ce ta fi kyau, gwajin bai ƙare ba, sai ka sake daga 70 zuwa sama.

Lissafin bayan nan mai sauƙi ne. Miligiram a lita, sau yawan miliyoyin litar da ke shigowa a rana, shi ke ba ka kilo a rana. Matatar da ke tace lita miliyan 20, in gwaji ya nuna 40, kilo 800 take buƙata, buhu 16 masu kilo 50. Idan kuna dama kilo 100 a kowace lita 1,000, haɗin lita 8,000 ke nan a awa 24, wato lita 5 da rabi a minti. Je ka wurin da alif ke zuba, ka tara kofin awo ka duba agogo, ka tabbatar abin da ke fita ke nan. Lambar da ke jikin injin zuba magani ba abin dogaro ba ce, domin bututunsa na toshewa da dusar alif a hankali ba tare da kowa ya lura ba.

Akwai kuma abin da ke yawan kayar da mutane a damina. Ruwan sama ba shi da ƙarfin jure tsami, abin da 'yan lab ke kira alkaliniti, alif kuwa yana cin wannan ƙarfin, kowane miligiram ɗaya na alif yana cinye kusan rabin miligiram. Alif ya fi aiki idan pH yana tsakanin 6 da 7.5. Da zarar ya faɗo ƙasa da haka, ko buhu nawa ka juye ƙulli ba zai haɗu ba. Maganinsa laim ne, wato farin garin da ke kashe tsamin ruwa. Idan duk kwalabe shida suka fito da hazo kuma pH ya faɗi, ka sake gwajin da ɗan laim a ciki, ka fara da kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin alif, ka ga inda ya tsaya.

Sau nawa ake gwajin? A rani, lokacin da ruwan dam ya natsu, sau ɗaya a rana ma ya wadatar. A damina kuwa kowane duti, da kuma duk lokacin da launin kogi ya sauya. Ka tuna ruwan da aka tafka a can sama da ku yakan iso bayan awoyi, ko da ko ɗigo bai sauka a garinku ba. Wannan ya shafi duk mai ja daga kogi, ko Tamburawa ce da ke kan Kogin Kano, ko Goudel da ke shayar da Yamai daga Kogin Isa. Duhun ruwa na iya tashi daga 50 zuwa sama da 1,000 a ma'aunin NTU cikin dare ɗaya. Idan ya fi ƙarfin matata, ka sanar da na sama a rage yawan ruwan da ake ja. Gara ruwa kaɗan mai kyau da a cika wa gari tankuna da laka.

Tambaya: Matatun rairayinmu a da sukan yi kwana biyu kafin a wanke su, yanzu ko awa 10 ba sa kaiwa sun toshe. Mun kuma fara ganin dunƙulen laka a saman rairayin. Rairayin ne ya mutu?
*Daga shugaban duti a wata ƙaramar matata*

Amsa: Malam, kafin ka ɗora wa rairayi laifi ka koma baya taki ɗaya, ka auna ruwan da ke fitowa daga tankunan kwantar da laka. Ya kamata ya iso kan rairayi da duhun da bai wuce 5 ba, in ya yi yawa 10. Idan yana zuwa da 30 ko 40, to rairayin yana yin aikin da ba nasa ba ne. Yawanci dalilin ɗayan biyu ne, ko alif bai daidaita ba, ko an daɗe ba a buɗe bawul ɗin zubar da laka ba. Lakar da ta daɗe a ƙasan tanki tana ruɓewa, ta yi iska, sai ka ga tana tasowa ɓaro-ɓaro tana bin ruwa zuwa matata. A damina kowane duti ya kamata ya zubar da laka, a bar bawul a buɗe har sai ruwan da ke fita ya tsinke.

Su kuwa dunƙulen nan shaida ce cewa wankin ba ya kaiwa. Tsarin da aka saba shi ne a rufe bawul ɗin shigowa, a bar ruwa ya sauka har ya rage kamar santimita 10 zuwa 15 a kan rairayi, a rufe na fita, a buɗe na magudana. Sai a saki iska daga ƙasa na minti 3 zuwa 5 ta goge ƙwayoyin rairayi da juna, sannan a turo ruwan wanki daga ƙasa na minti 5 zuwa 10. A buɗe ruwan wankin sannu a hankali. Wanda ya buɗe shi gaba ɗaya lokaci guda zai birkita tsakuwar da ke ƙasa, kuma tsakuwa in ta birkice sai an kwashe komai an sake jerawa.

Ofareta ba ya kunna wanki ya tafi shan shayi. Ka tsaya a kai ka kalla. Iska ta kamata ta fito ko'ina daidai. Inda ka ga wuri guda yana tafasa fiye da saura, kan bututun da ke ƙasa ya fashe, kuma ta nan rairayi zai riƙa zubewa cikin tankin ruwa mai tsabta. Inda ka ga wuri shiru ba motsi, ya toshe, nan dunƙule ke taruwa. Idan injin hura iska ya lalace aka ci gaba da wanki da ruwa kaɗai, wata biyu ko uku sun isa dunƙule su cika matata. Ƙananan da ke sama ana tsame su da rariya bayan an sauke ruwa. Waɗanda suka nitse cikin rairayi kuwa sai an tona.

Ka sami sanda ka yi mata alama, ka riƙa auna zurfin saman rairayi daga bakin bango duk wata uku, ka rubuta. Yawancin irin waɗannan matatu kaurin rairayinsu santimita 60 zuwa 75 ne. Idan ya ragu da santimita 10 ko fiye, ruwan wankinku ya yi ƙarfi yana kwashe shi, ko yana zuba ta ƙasa. Sabon rairayi kuma ba na bakin kogi ake ɗebowa a juye ba, sai wanda aka tankaɗe aka wanke, mai girman ƙwaya irin na asali.

Abu na ƙarshe, ruwan da matata ke bayarwa a mintuna 10 zuwa 20 na farko bayan wanki shi ne mafi rashin kyau. Idan akwai bawul ɗin zubar da shi, a zubar. Idan babu, a bar matatar ta huta kwata ɗin awa, sannan a buɗe ta kaɗan-kaɗan. Kuma ɗaya bayan ɗaya ake wankewa.

Tambaya: Don Allah me ya sa ruwan famfo wani lokaci yake zuwa fari kamar an dama alli, wani lokaci da warin magani, sannan in an daɗe ba a kawo ba ya fara zuwa da datti? Ina da yara ƙanana, hankalina ba ya kwanciya.
*Daga wata uwargida*

Amsa: Hajiya, abubuwa uku ne mabambanta, kuma ba duka ne abin tsoro ba. Farin nan ki zuba shi a kofin gilashi ki ajiye. Idan ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama cikin minti biyu, iska ce ta shiga bututu, ba komai. Ɗan warin kulorin kuwa alama ce mai kyau, yana nuna maganin ya iso gidanku da ransa. In ya dame ki, ki bar ruwan a bokiti mai tsabta na 'yan awoyi, zai ragu.

Na ukun shi ne abin kula. Bututun da ba ruwa a cikinsa ba shi da ƙarfin ture abin da ke waje, sai ma ya riƙa zuƙa. Duk inda ya tsage kusa da kwata ko masai, ƙazanta na shiga, ruwan farko kuma shi ke kwaso ta. Kada a sha shi, kada a yi girki da shi. A bar famfo ya zuba har ya washe, a yi ban-ruwan shuka da na farkon. Na shan yara a tafasa shi, musamman a damina da lokacin da ake maganar amai da gudawa a gari. Ki kuma sa maigida ya duba bututun da ya shigo gidanku, domin sau da yawa roba ce siririya da aka ratsa da ita ta cikin kwata. Masu haɗa injin zuƙo ruwa kai tsaye a jikin bututun hukuma su ma suna ƙara wannan matsala, ga su ga maƙwabtansu.

Tambaya: Ina kula da tankin wani ƙaramin gari mai cin lita 200,000. Garin kulorin ake kawo mana a durom. Cokali nawa zan sa?
*Daga mai kula da ruwan karkara*

Amsa: Ɗan'uwa, ka ajiye cokali ka nemi sikeli. Garin da ake kira HTH kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ne kulorin idan sabo ne. Ruwa kuma yana cinye wani kaso kafin sauran ya tsaya, kuma wannan sauran shi muke nema. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sami aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da haɗuwa, pH bai kai 8 ba, sannan a famfon ƙarshen layi kada ya gaza 0.2.

Ka narkar da giram 15 a lita 1, wannan ya ba ka haɗi mai ƙarfin kusan kashi 1 cikin ɗari. Ka jera bokiti huɗu na roba masu lita 20, ka sa musu mililita 2, 3, 4 da 5 da sirinji, wato miligiram 1, 1.5, 2 da 2.5 a lita. Bayan minti 30 ka gwada kowanne da ƙwayar gwajin kulorin da ake kira DPD ta 1, wadda ke mayar da ruwa ja gwargwadon kulorin da ke cikinsa. A ce bokitin miligiram 2 ne ya bar 0.5. To tankinka na buƙatar giram 400 na kulorin, in ka raba da 0.65 ya zama giram 615 na gari a kowane cikawa. Ka dama shi a durom ɗin roba, ka bar shi ya kwanta, ka yi amfani da ruwan da ya washe a samansa. Farin da ya kwanta a ƙasa shi ke toshe bututun zuba magani. Kuma a riƙa ɗiga shi a inda ruwa ke shiga tanki tsawon lokacin cikawa, ba a juye lokaci guda ba.

A kula da wata yaudara ta ƙwayar gwaji. Idan kulorin ya yi yawa ƙwarai, ruwan kan yi ja na ɗan lokaci ya koma fari, sai mutum ya ɗauka babu magani ya ƙara. In ka ga haka, ka surka samfurin da ruwan da ba magani ka sake gwadawa.

Garin yana rasa ƙarfi in ya sha zafi ko danshi, don haka durom ɗin da ya shekara a ɗaki mai rufin kwano ba 65 yake ba kuma, sai an sake gwajin bokiti. Kada ya kusanci man dizal, giris, taki ko tsumma mai maiƙo, yana tayar da gobara. A sa safar hannu da tabarau, kuma garin ake zubawa cikin ruwa. Sannan duk abin da muka faɗa yana aiki ne a ruwan da ya washe. Idan duhunsa ya haura 5, iyakar da ma'aunin ingancin ruwan sha na Najeriya na 2007 ya gindaya, ƙwayoyin cuta na fakewa cikin laka, kulorin ba ya cim musu. Inda ake da matata mai kyau ma ƙasa da 1 ake nema.

Tambaya: Mu tukunyar gas ɗin kulorin muke amfani da ita. Idan ta fara yoyo cikin dare me ya kamata mutum ya fara yi?
*Daga ofaretan dutin dare*

Amsa: Ka fara da fita, ka fitar da kowa, ku nufi inda iska ke fitowa kuma wuri mai tudu. Gas ɗin kulorin ya fi iska nauyi sau biyu da rabi, ƙasa yake bi, yana taruwa a ramuka da ɗakunan inji na ƙasa. Shi ya sa tagogin shan iskar ɗakinsa a gindin bango suke. Ba wanda zai koma ciki sai da na'urar numfashi mai tukunyar iska a baya, kuma mutum biyu, ɗaya a ciki ɗaya a ƙofa yana kallonsa. Jiƙaƙƙen tsumma a hanci ba kariya ba ne. Idan wurinku babu wannan na'urar, ku rubuta wa shugabanni a takarda, ku maimaita har a kawo, wannan magana ce ta rai.

Wanda ya shiga da shiri, abu na farko shi ne rufe bawul ɗin kan tukunya. Don haka ne ake barin sifana a kansa kullum, kuma ba a buɗe shi fiye da zagaye ɗaya. Ana gano wurin yoyo da tururin amoniya daga 'yar kwalbar roba, inda ya haɗu da kulorin sai farin hayaƙi ya tashi. Tururin kawai, ba a zuba ruwan amoniya a kan ƙarfe. Kada a kuskura a watsa wa wurin yoyo ruwa, yana zama asid ya ci ƙarfen, ramin ya ƙara faɗi. Idan jikin tukunyar ne ya huje, a juya ta ramin ya koma sama, gas ya fita maimakon ruwan kulorin, wanda in ya fito yake kumbura ninki ɗaruruwa.

Yawancin yoyo a wurin canjin tukunya yake farawa, saboda an mayar da tsohon wosha, wato ɗan zoben da ke toshe mahaɗar tukunya da bututu. Kowane canji sabon wosha. Kada a bar tukunya a rana ko kusa da wuta, akwai toshiyar da aka yi ta don ta narke a wajen digiri 70. Idan ka ga raɓa ko ƙanƙara a jikinta, ana jan gas da sauri fiye da ƙarfinta, sai a haɗa ta biyu. Sikeli ne ke faɗin abin da ya rage a ciki, agogon matsi ba ya sauka sai ta kusa ƙarewa. Wanda ya shaƙa kuma a kai shi asibiti ko ya ce ya warware, domin ruwa na iya taruwa a huhu bayan awoyi.

Tambaya: Ɗaya daga cikin injinan tura ruwanmu yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a cikinsa, ruwan da yake bayarwa kuma ya ragu. Sannan duk lokacin da aka ɗauke wuta sai mu ji bututu ya buga da ƙarfi.
*Daga wani mai kula da injina*

Amsa: Wannan ƙarar ta injin da ruwa ba ya isarsa ce. Matsi na faɗuwa a bakin farfela, wato fankar da ke tura ruwa a cikin injin, ruwa ya yi kumfa, kumfar ta fashe a jikin ƙarfe. In aka bar shi haka, ranar da aka buɗe za a tarar farfelar ta yi ramuka-ramuka. Ka duba ɓangaren zuƙa kafin komai. Ragar bakin kogi ta toshe da leda, kainuwa ko ciyawa? Ruwa ya ja baya, kamar yadda yake yi daga Maris zuwa Mayu? Yashi ya taru a rijiyar zuƙa? Bawul ɗin zuƙa a buɗe yake gaba ɗaya? Kafin a gyara, ɗan rage bawul ɗin fita yakan lafar da ƙarar. Ba a taɓa rage ruwa ta bawul ɗin zuƙa. Idan ƙarar daga gefen boris take kuma gidansa ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, wannan wata matsala ce daban, kuma yawan giris na kawo ta kamar yadda rashinsa ke kawowa.

Ka lura da wurin da shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya farfela, ke fita daga jikin injin. Idan igiyar shaƙewa ce a wurin, dole ta riƙa ɗiga, kamar ɗigo 40 zuwa 60 a minti, shi ke sanyaya ta. Sababbin ma'aikata sukan ɗaure ta tamau don kada a ce suna ɓarnar ruwa, sai ta ƙone ta cinye shaf. Idan kuwa sil ne, wato matoshi na zamani da ake sawa maimakon igiya, ko ɗigo ɗaya alamar lalacewa ce.

Bugun bututu kuwa ruwan da ke gudu ne ya tsaya farat ɗaya ya dawo da baya. A duba bawul ɗin hana komawa, ko yana makara wajen rufewa, a duba bawulolin fitar da iska da ke kan tudu a layin, da tankin rage bugu idan akwai, ko iskar cikinsa ta ƙare. Da an ɗauke wuta ka rufe bawulolin fita, ka kuma tsayar da alif da kulorin idan da kansu suke gangarowa, in ba haka ba za su yi ta zuba a ruwan da ba ya tafiya. Idan wuta ta dawo kada ka yi gaggawa. Ka duba layukan wuta ukun duka sun kawo, kusan bolt 415 tsakanin kowane biyu, domin motar lantarkin da ke juya injin in ta tashi a layi biyu ƙonewa take yi. Ka fitar da iska daga injin, ka tayar da shi bawul ɗin fita a rufe, ka buɗe a hankali kana kallon agogon amfiya, mai nuna yawan wutar da injin ke ja, kada ya wuce abin da aka rubuta a farantin jikin motar. Kada ka bar shi yana gudu a rufe fiye da minti ɗaya ko biyu. Sai na farko ya daidaita ake tayar da na biyu.

Tambaya: Na gama difloma a fannin kimiyyar gwaje-gwaje, ina sha'awar wannan aiki. Me zan tarar, kuma ina ake ƙaro ilimi?
*Daga wata ɗaliba a Zariya*

Amsa: Madalla, ƙanwata, ana buƙatar irinku, musamman a ɗakin gwaji. Hukumomin ruwa na jihohi ne ke ɗaukar ma'aikata, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna kuma tana ba da horo a kan tace ruwa da kula da injina. Aikin na duti ne, dare da rana, har ranar Sallah. Za ki tarar da wuraren da na'urar auna duhu ta lalace ko ƙwayar gwaji ta ƙare, kuma za a so ki saba da hakan. Kada ki saba.

Ki riƙe littafin duti da muhimmanci tun ranar farko. Kowace awa ko awa biyu ana rubuta duhun ɗanyen ruwa, na bayan kwanciya da na bayan tacewa, pH, sauran kulorin, tsayin ruwa a tanki, amfiya da matsin kowane inji, buhun da aka buɗe, lokacin da wuta ta tafi da lokacin da ta dawo. Abin da aka auna ake rubutawa. In ba a auna ba a bar gurbin, a rubuta dalili. Shafin da 0.5 ya jeru a kansa tun safe har dare, ruwa ko rani, kowa a sana'ar nan ya san a kan tebur aka cika shi, kuma ranar da cuta ta ɓulla a wata unguwa ba zai taimaki kowa ba wajen gano inda aka samu kuskure. Wajen karɓar duti kuma ki zo da minti 15 a hannu, ku zaga tare da mai sauka, ki ga matatar da aka wanke da wadda ke jira, ki leƙa tankin alif ki ga awa nawa ya rage, sannan ki sa hannu.